Anya hutun da muke tilasta wa iyayenmu ba shi ke jawo musu gigin tsufa ba?

Abu Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Akwai abin da na daɗe ina lura da shi, tunda Allah ya haɗa mu da likitoci a nan bari in jefo shi a tattauna. Duk tsohon da na sani a ƙauyenmu wanda har yanzu yake zuwa gona ko yake cin kasuwannin ƙauye a ƙafa ko a keke, za ka same shi garau, lissafin bashi ba ya shige masa, ya ba ka labarin farin 1973 tiryan-tiryan har da sunan wanda ya ba shi rancen dawa. Amma nan birni mutum zai yi ritaya yana shekara 60 lafiyarsa ƙalau, 'ya'ya su haɗa kuɗi su saya masa mota su ɗauko direba su gina masa masallaci a jikin katangar gida, daga falo sai masallaci daga masallaci sai falo, ba a jima ba sai ka ji ana raɗa wai Alhaji ya fara ruɗewa. Shin zaman ne ke kawo haka ko ni ne idona ke gane min?

Sarkin Zolaya: Wa alaikumus salam. Malam kai dai ka fito fili ka ce ba ka da kuɗin saya wa Baba mota, sai mu yi maka karo-karo 😂

Abu Hanif: Kai dai Allah ya shirye ka. Da gaske nake wlh

Maman Ilham: Hmmm wannan magana ta taɓa ni sosai don ina cikinta tsundum. Surukata mace ce mai kazar-kazar, tana ƙauye ita ke surfenta ita ke sharar tsakar gida ga awaki tana kiwo, biki ko suna ko gaisuwar mutuwa komai nisa a ƙafa take zuwa. Da maigidan ya rasu 'ya'yanta suka ce ai ta sha wahala ya isa haka, aka dawo da ita wajenmu aka ba ta ɗaki da fanka da talabijin, ko kofi ta ɗauka za ta ɗauraye sai an yi tsalle an karɓe, "Hajiya ki bari, ina yaran suke". Ita kuma kunya ta hana ta musu. Yanzu sai ta idar da la'asar ta naɗe darduma ta zauna, can sai ta miƙe ta sake shimfiɗawa ta ce ba ta yi ba. Ta tambaye ni wa ya zo ɗazu in gaya mata, kafin in kai ƙofar kicin ta sake tambaya. Abin tausayi wlh

Ummu Sadiq: Allah sarki. Allah ya ba ta lafiya ya ba ki ladan jinya

Ɗan Baiwa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma Abu Hanif ni ban yarda da lissafinka ba gsky. Tsofaffin ƙauyen da kake gani garau ai su ne suka rage, waɗanda ciwo ya kama sun riga mu gidan gaskiya tun suna hamsin da wani abu saboda ba asibiti, kai kuma kana ƙirga masu rai kawai. Na biyu a ƙauye wa yake kai tsoho asibiti don yana mantuwa? Sai dai a ce tsufa ne a ajiye shi a ɗaki, in mace ce ma ta fara fita tana surutai wani lokaci har a laƙaba mata maita ko a ce iska ce. To ba a gani ba ba ya nufin babu. Na uku, wa ya ce zaman ne ya kawo ruɗewar? Watakila ruɗewar ce ta fara shiga a ɓoye shi ya sa mutum ya daina fita

Abu Hanif: To ai shi ya sa na ce a tattauna. Ina Likita? Ranka ya daɗe a fito a raba mu

Likitan Gida: Salam. Yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙonni sun taru. Kowannenku yana da gaskiya a wani ɓangare amma bari in fara da gyara ɗaya ga Abu Hanif, tsoho ya ba ka labarin 1973 daki-daki ba shi ke nuna ƙwaƙwalwarsa lafiya lau ba. Mai cutar Alzaima, wato nau'in gigin tsufa da ya fi yawa, abin da ya faru ɗazu shi yake fara kuɓuce masa, tsohon labari kuwa yana nan daram har sai ciwon ya yi nisa. Abin da Maman Ilham ta kwatanta, maimaita tambaya da manta an yi sallah, shi ne irin alamar da muke dubawa.

Kuma gigin tsufa ciwo ne, ba dole ba ne duk wanda ya tsufa ya same shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu ne, don haka ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka.

Batun motsa jiki kuma, ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da kuzarin da jiki ke amfani da su, duk ta hanyar jini suke isa gare ta ta wasu ƙananan jijiyoyi. Duk abin da ya lalata jijiyoyin nan, hawan jini, suga, kitse a jini, taba, to ƙwaƙwalwa yake ci a hankali. Tafiya a ƙafa kuma tana taimakawa wajen sauke hawan jini da daidaita suga. Wannan ɓangaren babu wata jayayya a kansa

Ɗan Baiwa: Wannan na yarda ranka ya daɗe. Amma kai tsaye fa? An taɓa gwadawa an ga tafiya ta canja ƙwaƙwalwar kanta?

Likitan Gida: An gwada. Akwai wani bincike da aka wallafa a 2011 a Amurka, Kirk Erickson na jami'ar Pittsburgh da abokan aikinsa. Suka ɗauki dattawa 120 waɗanda ba sa motsa jiki, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suna tafiyar sauri sau 3 a mako har aka kai su minti 40 kowane fita, rabi kuma miƙe-miƙen gaɓɓai kawai. Bayan shekara aka sake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfas, shi ke karɓar sabon abu ya adana, kuma yana cikin wuraren da Alzaima ke fara ci, a al'ada yana ɗan motsewa duk shekara in an manyanta. Masu tafiya nasu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, ɗaya rukunin nasu ya ragu da kusan kashi 1.4. Ana danganta hakan da ƙarin jini da ke zuwa wurin da kuma wani sinadari BDNF da ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su yi sabbin rassa.

Amma don Allah kar wani ya kwashi wannan ya kai wani gidan ya ce likita ya ce tafiya na maganin mantuwa. Maganarka ta uku Ɗan Baiwa masana ma sun yi ta. A Landan an bi ma'aikatan gwamnati sama da dubu 10 tsawon shekara 28, sakamakon ya fito a 2017, sai aka ga waɗanda daga baya suka kamu da ciwon sun fara rage motsi tun kusan shekara 9 kafin a gano shi, wato a wajen wasu ciwon ne ya zaunar da su

Ɗan Baiwa: Yauwa! Abu Hanif ka ji ko 😎

Abu Hanif: Ka bari ya gama mana malam, ka cika gaggawa

Likitan Gida: Hhh. Abin da ya fi ƙarfi a wajena shi ne na ƙasar Finlan da ya fito a 2015, mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 waɗanda ke cikin haɗarin kamuwa amma ba su kamu ba. Rabi aka haɗa musu abu huɗu tsawon shekara 2, motsa jiki, gyaran abinci, atisayen ƙwaƙwalwa, da sa ido kan hawan jini da suga da nauyi. Rabi kuma shawarar lafiya ta yau da kullum kawai aka ba su. Rukunin farko sun fi a gwajin tunani da saurin fahimta. To ka ga ba tafiya kaɗai ba ce, haɗi ne. Kuma kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a rahotonsu na 2024 sun lissafa abubuwa 14 da in aka magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon, rashin motsa jiki ɗaya ne a ciki, akwai hawan jini, suga, ƙiba, taba, raunin ji, raunin gani, ciwon damuwa, kaɗaici da sauransu.

Yanzu ku dubi tsohon da Abu Hanif ya kwatanta. Ranar da aka zaunar da shi ba tafiya kaɗai aka raba shi da ita ba, an raba shi da abokan hira, da lissafi, da yanke shawara, da jin cewa ana buƙatarsa. Abu fiye da ɗaya cikin jerin nan a lokaci guda, kuma da sunan gata

Baba Ɗan Fansho: Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta sa ni a gidan nan, yawanci karatu nake ba na magana amma yau kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na haura 70. Da na ajiye aiki yarana suka yi min irin wannan gatan da kuke faɗa, har takalmi sai an juya min. Ban jima ba na ga ƙafata ta fara nauyi, barcin rana ya yi yawa na dare ya gudu, ina zaune sai faɗa da jikoki a kan rimot. Mota ma in ka jingine ta wata da watanni batir ne ke fara mutuwa balle ɗan adam. Sai na ce wa babban ɗana ya riƙe direbansa. Yanzu in na yi asuba ba na komawa gado, ina da sandata saboda karnuka da 'yar fitila, in bi ta bayan makarantar firamare in zaga ta bakin kasuwa lokacin masu kayan miya na sauke buhuna, in tsaya wajen mai shayi mu yi musun siyasa da wasu tsofaffi irina, kafin rana ta yi zafi na dawo. Juma'a kuma da gangan nake zuwa masallacin da ya fi nisa. Yaran sun yi ta ƙorafi wai mutane za su ce sun bar ubansu yana yawo a ƙasa, na ce to ku gaya wa mutanen ni na ce

Ummu Sadiq: Masha Allah Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana

Sarkin Zolaya: Baba Allah ya ja kwana, musun siyasar nan fa shi ke hau da jini, kar a gyara gaba a ɓata baya 😂

Baba Ɗan Fansho: Kai yaro jinina na sha magani kuma ina aunawa, naka fa ka taɓa aunawa?

Abu Hanif: Baba kun gama da shi 🤣 Amma maganar "mutane za su ce" ɗin nan ita ce gaba ɗaya matsalar wlh. Mu muna kare mutuncinmu ne a idon unguwa ba lafiyar tsohon ba

Malam Na Zaure: Bismillah. Ina so in sa baki ta fuskar addini don kar a fahimci cewa hidima ga iyaye ce ake suka, hidima wajibi ce. Sai dai hidima ita ce ka yi musu abin da zai amfane su. Banu Salima sun so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallacin Annabi SAW saboda nisa, ya ce su zauna a gidajensu ana rubuta musu takunsu, wannan yana cikin Sahihu Muslim. Kuma ya tabbata Annabi SAW yana neman tsari daga a mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, wato tsufan da mutum zai koma bai san komai ba bayan ya sani. To wanda ke roƙon tsari daga abu ai ya kamata ya riƙi sababi. Ni dai ban ga laifin gina masallaci a ƙofar gida ba, amma in dattijo na da ƙarfin takawa zuwa na unguwa a bar shi ya taka

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam duk wannan maza kuke ta magana. Baba zai iya ɗaukar sanda ya zaga kasuwa, Hajiya fa? Tsohuwa ta fito da asuba tana zaga unguwa ai kafin azahar an kira maigidana an ce uwarsa ta haukace. Mu mata da can aikin gida ne motsa jikinmu, daka, surfe, jan ruwa a rijiya, yanzu inji ya karɓe wannan famfo ya karɓe wancan, unguwa kuma ko nan da can ne sai adaidaita

Ummu Sadiq: Gsky kin faɗi gaskiya. Mamata ma in na ce ta ɗan taka sai ta ce ina za ta, ita ba mahaukaciya ba ce da za ta yi ta zagaye ba dalili

Anti Fiziyo: To ai nan ne dabara take Ummu Sadiq, kar ki ce mata "motsa jiki", tsofaffinmu ba sa tafiyar da ba ta da dalili, ki samo mata dalilin. Islamiyyar matan aure da ke bayan layi, ta je a ƙafa tare da maƙwabciya, ga tafiya ga hadda ga hira, tsuntsu uku da dutse ɗaya. Raka jika makarantar allo. Duba mara lafiya, barka, gaisuwa. A cikin gida kuma ku daina ƙwace mata tsintsiya don Allah, shara da shanya da ba kaji hatsi da gyaran zogale duk ku bar mata in tana so.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga mai shekara 65 zuwa sama shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato kamar minti 30 sau 5 a mako, kuma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba, 10 da safe 10 da yamma duk yana shiga lissafi. Matsakaici shi ne numfashi ya ɗan ɗaga jiki ya yi ɗumi amma mutum na iya magana. Sai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 saboda faɗuwa. Wannan na ƙarshen mutane na raina shi alhali faɗuwa ɗaya a banɗaki ta karya ƙugu ita ke kwantar da tsoho gaba ɗaya, daga nan kuma komai sai ya bi.

Ba sai an sayi ko tsinke ba. Kujera mai ƙarfi wadda ba ta da taya, a jingina ta da bango, ta zauna ta tashi ta zauna ta tashi a hankali, da farko tana dafa hannun kujerar, in ƙafa ta yi ƙwari ta rungume hannu a ƙirji. Ta dafa bango ta ɗaga dunduniya ta sauke. Ta dafa ta tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci ta canja, wani yana tsaye kusa da ita. Shi ke nan fa

Abban Khairat: Anti to mai ciwon gwiwa fa? Babanmu sallah ma a kujera yake yi, in an ce ya taka sai ya ce gwiwa za ta ƙarasa cinyewa

Anti Fiziyo: Wannan tsoron kusan kowa na da shi kuma akasin haka ne. Amosanin gwiwa zama ke ƙara masa tauri, in tsokar cinya ta yi ƙarfi ita ke ɗauke wa gwiwar nauyi. Ya fara kaɗan a shimfiɗaɗɗen wuri da takalmi mai taushi wanda ya kama ƙafa ba silifas ba, yana zaune ma zai iya miƙe ƙafa ya riƙe ya sauke. Ɗan ciwo da ke lafawa bayan an huta ba komai, amma in gwiwar ta kumbura ta yi zafi ko ciwon ya kwana ya wuni bai sauka ba to an yi yawa, a rage a je a duba shi. Keke ma yana da kyau ga gwiwa in ya saba hawa

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, gaisuwa daga Nijar. Nan wajenmu ma haka abin yake, tsohon da ke cikin karkara yana bin dabbobi ko yana noman rani har ya tsufa tukuf yana bisa ƙafarsa, na cikin gari kuma tansiyo, wato hawan jini, da suga. Amma ina tambaya ga lokotoro, an taɓa yin irin binciken ga a kan baƙar fata a nan Afirka ko duka na Turai da Amurka ne?

Likitan Gida: An yi, kuma sananne ne sosai. Tun farkon shekarun 1990 aka fara wani aiki na haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka, su Farfesa Hugh Hendrie da Farfesa Adesola Ogunniyi, aka bi dattawan Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka da ma'auni iri ɗaya. A sakamakon da suka fitar a 2001 sabbin masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Masu binciken sun karkata ga cewa bambancin abinci da yanayin rayuwa da ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini a mutanen Ibadan na wancan lokacin na da hannu. Abin da ke damuna shi ne rayuwar biranenmu yanzu ta kama hanyar irin ta can, zama da mota da lemon kwalba. Sannan akwai babban bincike kan shanyewar ɓarin jiki da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, hawan jini ne ya fito a kan gaba nesa ba kusa ba, rashin motsa jiki ma yana cikin jerin. Shanyewar jiki kuma, har da ƙananan da ba a lura da su, babbar hanya ce ta gigin tsufa a wajenmu

Ɗan Baiwa: To amma ranka ya daɗe ka ga Ibadan ɗin ma ba tafiya aka auna ba

Likitan Gida: Ban ce ita aka auna ba ai, tambayar Ɗan Maraɗi na amsa. Kai dai ba ka son ka sauka daga kujerar nan taka ne 😄

Ummu Yasmin: Slm, ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Ingila, bari in ce wani abu ga Maman Ilham don kar ta ɗora wa kanta buri ya zo ya karye. Wanda ciwon ya riga ya kama motsa jiki ba ya dawo da abin da ya tafi. An gwada a nan, mutum 494 masu ciwon a matakin farko da na tsakiya, aka fitar a 2018, jikinsu ya yi ƙarfi amma mantuwar ba ta ragu ba. Duk da haka kullum muna fita da su lambu muna sa su naɗe tawul su share tebur, saboda wanda ya motsa da rana ya ga hasken rana ya fi samun barci da dare, rigimar yamma tana raguwa, cin abinci na gyaruwa, kuma yana daɗewa yana kai kansa banɗaki wanda duk mai jinya ta san girman wannan. Ki ba Hajiya tsintar shinkafa ko ɓarar gyaɗa ko tsinke zogale, hannu ba ya saurin manta aikin da ya saba. In ta yi ba daidai ba kar ki gyara a gabanta. In ta ce ba ta yi sallah ba kar ki yi musu da ita, ki bar ta ta yi

Maman Ilham: Nagode sosai 'yar uwa, wlh musun nan kullum sai mun yi har in ji ba daɗi daga baya. Matsalar 'ya'yanta ne, in suka zo suka gan ta da faranti tana tsinta ni za a ce na mayar da uwarsu 'yar aiki

Ummu Sadiq: Wannan kam sai maigidan ya tsaya miki, shi zai yi wa 'yan uwansa bayani ba ke ba

Likitan Gida: Maman Ilham ku kai ta asibiti tare da shi, in ya ji daga bakin likita zai fi sauƙin gaya wa sauran. Kuma akwai dalili na biyu da ya fi wannan, ba duk mantuwa ce gigin tsufa ba. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa musamman ga wadda ta rasa miji aka kuma raba ta da garinsu da ƙawayenta, wasu magungunan barci, har rashin ji sosai, duk suna iya kama da shi kuma ana maganinsu. A duba kunnenta da idonta. Sannan kowa ya riƙe wannan, tsohon da yake lafiya jiya yau ya tashi a ruɗe bai san inda yake ba, wannan ba gigin tsufa ba ne, gigin tsufa a hankali yake shiga cikin watanni da shekaru. Ruɗewar farat ɗaya sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko suga ya faɗi ko ƙarancin ruwa a jiki ko shanyewar jiki, asibiti a ranar ba sai gobe ba

Abban Khairat: Ni agogon nan na hannu na saya wa Baba mai ƙirga taku, wai sai dubu 10 a rana, shi ko dubu 3 ba ya kaiwa har ya cire ya ba jika

Anti Fiziyo: Hhhh dubu 10 ɗin nan asalinta tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960, ba daga asibiti ta fito ba. An bi mata dattijai sama da dubu 16 a Amurka, aka wallafa a 2019, masu taku kusan 4,400 a rana mutuwa ta yi ƙasa sosai a cikinsu in aka kwatanta da masu 2,700, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. To mai dubu 3 in ya ƙara ɗari biyar ya riƙe ta ya ci riba, sannu ba ta hana zuwa. Ka karɓo agogon daga hannun jikan

Ɗan Maraɗi: Zafin rana fa? Nan watan Afrilu da Mayu ko saurayi ba ya iya tafiya

Anti Fiziyo: Bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, kuma a sha ruwa kafin a fita ko ba a jin ƙishi don tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa. Lokacin hunturu in ƙura ta yi yawa mai asma ko ciwon ƙirji ya yi nasa a cikin gida. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa, zuwa tarawihi a ƙafa ma ya wadatar. Mai suga da ke shan magani ko allura kar ya fita da yunwa, ya sa dabino a aljihu, kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa in ya dawo saboda ƙaya ko tsakuwa na iya ji masa rauni bai ji ba. Duk wanda ya ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ko numfashi ya sarƙe ya tsaya nan take a kai shi a duba, mai ciwon zuciya kuma ya fara ganin likitansa kafin ya soma

Ɗan Baiwa: Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa ba a tabbatar tafiya ita kaɗai na hana ciwon ba. Amma zancen hawan jini da faɗuwa ya shige ni, gobe zan je in ga tsohuwa in ji yaushe rabon da a auna ta

Baba Ɗan Fansho: Ɗan Baiwa na ga hotonka a jikin lambarka, tumbin nan ba na mai shekara 40 ba ne. In ka je wajen tsohuwar ka ce a auna ku tare, kuma ka ajiye mashin ɗin a gida